Yadda na samu coci a Ingila

Yaya, ina gaisuwa. A gaida Mama da yara. Ka ce in ba ka labarin cocin nan, tunda a Angilikan muka tashi a Wusasa.

Muƙaman duk ka san su: bishof, akdikin, kanon. Dayosis, wato yankin da bishof ke jagoranta, guda 42 ne a ƙarƙashin manyan bishof na Kantabari da Yok, kuma bishof 26 na da kujera a majalisar dattawan ƙasar. Inda muka sha bamban shi ne farish. A gida, farish mutanen da kuke sujada tare ne. A nan kuwa yanki ne mai iyaka a taswira, duk wanda gidansa ya faɗo ciki yana da haƙƙi a kan cocin, ko bai taɓa taka ƙofarsa ba. Zai iya kawo ɗansa baftisma kyauta, a kuma ɗaura masa aure bayan an yi shela Lahadi uku. Kuɗin aure da na jana'iza a rubuce suke, doka ce ta yanka, babu ciniki. Sai dai baƙi irinmu, dole mu fara bi ta ofishin rajistar aure.

Baikon da ake bayarwa a coci ma da katin banki ake yi, ga ƙaramar na'ura a bakin ƙofa. In kana biyan haraji ka cike takarda, kowane fam ɗaya da ka bayar gwamnati na ƙara wa coci kwatan fam. Wannan ya burge ni ƙwarai.

A zauren cocinmu ake raba abinci ga masu ƙaramin ƙarfi. Na ga kwandunan taliya, gwangwanin wake, madara da shayi, wata tsohuwa na jera su a leda, ba ta tambayi kowa addininsa ba.

To amma ranar Lahadi zuciyata kan karaya. Ginin dutse ne mai ɗaukar ɗaruruwa, sai ka tarar da 'yan tsofaffi a warwatse a kan benci, ga sanyi. Cikin awa guda an tashi. A ƙauyuka limami ɗaya ne ke zagaya coci da yawa. Babu zumuntar mata da tukunya da kacau-kacau, kuma in ka kwanta ciwo ba za ka ga ikilisiya ta cika maka ɗaki ba, sai dai kati ko waya.

Don Allah in an samu mai zuwa, a aiko mini da littafin waƙoƙin Hausa. Mu 'yan arewa da ke nan muna so mu fara haɗuwa a gidan ɗaya daga cikinmu.