Sauya rufin gida a Abuja: daga ina kuɗin zai fito?

Mai gida a Kubwa ko Lugbe da ya ga silin ɗinsa ya fara yin taswirar ruwa ya san cewa kafin damina ta sauka a watan Afrilu sai ya yanke shawara. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashin kwanon alminiyam a kasuwar Dei-Dei ya daina zama wuri ɗaya, saboda haka jinkiri ma yana da nasa tsadar.

Kafin a nemi kuɗi, ya kamata kafinta ya hau ya duba katako, domin idan gara ta ci shi, lissafin da aka yi na kwano da ƙusa kaɗai zai rushe.

Bankunan kasuwanci suna da saurin bayarwa ga mai albashi, amma tun da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, bashinsu ya yi wa aikin rufi nauyi. Ma'aikacin da ake cire masa kashi 2.5 na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa yana iya neman rancen gyaran gida daga bankin ba da rancen gidaje na gwamnatin tarayya, wato FMBN, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai takardunsa ba sa gaggawa, ruwan sama kuwa ba ya jiran sa hannu.

Wanda yake gudun kuɗin ruwa yana da bankunan Musulunci irin su Jaiz, TAJ ko Lotus, inda banki zai sayi kayan ya sayar masa ta hanyar murabaha a kan farashin da ba zai ƙaru ba har ya gama biya. Abin lura shi ne wannan ciniki na kaya ne, don haka a tanadi ladan kafinta da kuɗin ɗauko kaya daban.

A ganina, ƙungiyar taimakon juna ta wurin aiki ko adashi mai ƙarfi su ne suka fi dacewa, muddin kwasar mutum za ta faɗo cikin rani. Da zarar kuɗin ya shigo hannu, a fara sayen kwanon, kuma a sa a auna kaurinsa a gaban ido, domin ba kowane kwanon da aka rubuta wa kaurin milimita 0.55 a rasit ne ya kai hakan ba.