Kafin ka sayi ESC na diron: Bluejay, AM32 ko BLHeli_32?

Jama'a salamu alaikum. Tunda muka fara haɗuwa da yamma bayan la'asar muna tashin ƙananan diron ɗinmu a fili bayan gari, tambayar da ta fi yawa ita ce wane ESC zan saya, kuma kusan kowa amfiya kawai yake dubawa, 45 ne ko 55 ne, ya ga mai araha ya tura kuɗɗi. Ni kuma abin da nake fara dubawa shi ne cip ɗin da ke kai da manhajar da ke cikinshi, domin mu nan Damagaram in abu ya ƙone ba shiga kasuwar Dole za ka yi ka sayo wani ba, sai ka yi oda ka jira makonni, ko ka samu mai zuwa Kano ko Yamai ka ba shi sautu. To abin da za ka iya yi mishi filashin da kanka a ɗakinka da wayar USB, shi ne naka.

Ga sababbin shiga, ESC shi ne allon da ke tsakanin batir da moter, shi ke karɓar umarni daga allon tuƙi ya ce ma kowane moter ga gudun da za ka yi. A cikinshi akwai ƙaramar manhaja, kuma ana iya goge ta a zuba wata, kamar dai yadda masu gyaran waya ke yin filashin.

Mafi arha a kasuwa su ne masu BLHeli_S, cip ɗinsu mai bit 8 ne na kamfanin Silicon Labs, irin su BB21 da BB51. Yawanci suna zuwa da siga ta 16.7 wadda ta tsufa, ba ta iya mayar ma allon tuƙi da labarin gudun moter. Amma kar wannan ya hana ka saye, don a kansu ne ake ɗora Bluejay, kyauta ce kuma a buɗe take kowa na iya ganin yadda aka rubuta ta. Da ka ɗora ta sai DShot, hanyar da allon tuƙi ke magana da ESC, ya fara aiki zuwa da dawowa, wato ESC yana gaya ma Betaflight, manhajar da ke cikin allon tuƙi, juyi nawa kowane moter yake yi, shi kuma ya tace girgizar daidai inda take, abin da Betaflight ya zo da shi tun siga ta 4.1 a 2019. Bambancin da hannu ake jin shi wallahi. A zafin watan Afrilu da Mayu da muke wuce digiri 40, kafin in canza in na sauko da diron ban iya riƙe moter da yatsa, bayan na canza na daidaita matatun sai ɗumi kawai nake ji. Ga ƙura kuma lokacin hunturu tana shiga boris ta ƙara girgiza, nan ma tacewar tana taimako sosai.

Yadda ake yi ba wuya. Ka cire farfela duka huɗu, ka cire su fa, ban yarda da wai zan yi a hankali ba. Ka haɗa allon tuƙi da kwamfuta, ka rufe Betaflight Configurator don kar su yi rigimar ƙofar USB ɗaya da ESC Configurator, shafin da ake yin filashin da shi, ka buɗe shi a Chrome, ka sa batir don ESC ba ya tashi da wutar USB kaɗai, sai ka danna karantawa. Za ka ga wasu haruffa kamar G-H-30 ko J-H-15, to nan ne duk maganar take. Harafin farko tsarin ƙafafun cip ne, na biyu irin cip ɗin, H na nufin BB21 mai gudun 48 MHz, L kuma tsohon BB1 mai 24, lambar ƙarshe ita ce ɗan jinkirin da ake bari tsakanin kashe MOSFET ɗaya, wato ƙaramin makunnin da ke sakar ma moter wuta, da kunna abokinshi. In jinkirin ya yi kaɗan su biyun za su buɗe tare, wutar batir ta zarce kai tsaye daga wannan gefe zuwa wancan, shi kenan an gama. Ni ya faru da ni, na sayi wani allo a hannun wani mai sayarwa a intanet, abin da ya rubuta a talla daban abin da allon ya nuna daban, ni kuma na bi na tallar na tilasta filashin. Ina sa batir na ji ɗan ƙara kamar an taka busasshen kara, hayaƙi siriri ya fito daga kusurwa ɗaya, warin ya kwana a ɗaki. Allon huɗu-a-ɗaya ne, wato ESC huɗu a kan allo guda, kusurwa ɗaya ta mutu duka ya tashi aiki, na yi fiye da wata ban tashi ba kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ka ɗauki hoton haruffan da waya kafin ka taɓa komai, ka bar abin da manhajar ta gano da kanta. Kuma ka yi da kwamfutar hannu mai cikakken caji, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu wata wahala ce.

Bluejay za ta tambaye ka 24 ko 48 ko 96 kHz, wato saurin kunnawa da kashe wutar da ke zuwa moter. Ƙaramin diron na cikin ɗaki 48 ko 96 na ƙara mishi lokacin tashi, mai farfela inci 5 kuma 24 ya fi ba shi ƙarfin riƙo, ni dai a nan nake barin nawa. Ka sani kuma Bluejay DShot kaɗai take ji, tsohon allon tuƙi mai tsofaffin hanyoyin magana na PWM ko Oneshot ba za su daidaita ba. A Betaflight ka duba adadin maganaɗisun moter, manya yawanci 14 ne ƙanana 12, in ka sa ba daidai ba tacewar za ta riƙa dukan iska.

Sai BLHeli_32. Shekaru da yawa shi ne sarki, cip mai bit 32, aiki sumul, tun siga ta 32.7 yana da DShot mai dawowa ba sai ka canza komai ba. Matsalar ita ce a rufe yake, a da kamfanoni lasisi suke biya, kuma a lokacin filashin ɗinshi sai ya tuntuɓi sabar masu shi ta intanet. A watan Yuni na 2024 masu shi a ƙasar Nowe suka sanar sun daina, ba sabon lasisi ba sabuwar siga. Har yanzu za ka ga ragowar kaya ana sayarwa, wani ma da tsada don sunan ya zauna a kan mutane. In kana da shi yana aiki ka bar abinka, saitin da kake buƙata kamar juya alkiblar moter duk yana yiwuwa. Amma sabon saye, ban ga dalilin zuba jikkuna a kan abin da ba mai kula da shi ba.

Wanda ya gaje shi shi ne AM32, shi ma bit 32 ne amma a buɗe kuma kyauta, yana hawa cip iri-iri kamar STM32F051 da G071 da AT32F421. In ka sayi allon da ya zo da AM32 tun daga masana'anta, sabunta shi ta USB ne kamar na Bluejay, ka dai zaɓi fayil mai sunan allonka daidai. Yana da tashi a hankali mai laushi, shi ya sa masu ƙananan motocin hawan dutse ma ke son shi. Ga mai haɗa diron mai farfela inci 5 ko 7 a batir 6S, wato mai sel shida a jere, nan zan ce ya sa kuɗɗinshi.

Wani ƙanena ɗalibi a jami'ar André Salifou ya ce mini yaya, ai sai mu mayar da BLHeli_32 ɗinka AM32. Ana yi, amma ba ta USB ba. Sai ka sayi ST-Link, 'yar na'urar da ke rubutu cikin cip kai tsaye, ka nemo ƙananan ɗigon tagulla biyu da ake haɗa ta da su, ana ce musu SWD, kusa da kowane cip, girmansu bai wuce ƙwayar gero ba, ka liƙa musu siririyar waya da dalma, ka goge cip ɗin ka zuba matashiyar manhaja, wato wadda ke tada cip ɗin, sannan ita kanta manhajar, sau huɗu don cip huɗu ne. Kuma da ka goge ba komawa, BLHeli_32 ya tafi har abada. Na ce mishi sai dai mu gwada a kan tsohon allo, kuma mu kai ma abokinmu mai gyaran waya a Zango da yake da madubin ƙara girma da hannu mai natsuwa.

Tsofaffin ESC masu manhajar SimonK da ake samu cikin kayan haɗa diron samfurin F450 masu arha kuwa, a bar su ga mai koyo kawai.

Abu ɗaya da nake roƙo, in ka gama filashin za ka gwada, ka nisanci filin jirgi da bariki da taron jama'a, ka nemi izinin hukuma kafin ka tashi, halin tsaron da ake ciki ba na wasa ba ne. Gwajin farko ma a tebur ake yi ba farfela, ka sa fitilar kariya, ƙwan da ke taƙaita wuta in akwai matsala, tsakanin batir da allo, ka tada moter ɗaya bayan ɗaya a Betaflight kana kallon lambar kuskuren DShot, in ta tsaya a sifili ko dab da shi sannan ka ɗaura farfela.