Ditto ko Win+V: ga wadda zan ce ki ɗauka

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin tambaye ni wace manhajar ajiye kwafi za ki ɗauka don rubutun furojet ɗinki, wato mai riƙe abubuwan da kika kwafa a kwamfuta don ki sake liƙa su daga baya. Tsakanin ma'ajiyar kwafi da ta zo a cikin Windows (wadda ake buɗewa da Win+V), da Ditto, da ta kuɗin nan da kika ce wani mai gyaran kwamfuta ya yi miki tallarta, Ditto za ki ɗauka. Mai tallar kuwa ki ba shi haƙuri.

Ina da shagon buga takardu a Samaru, nan kusa da jami'a, kuma duk kwamfutocin shagon da Ditto a kansu. Bari in ba ki labarin ranar da ta shiga raina. Lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke rububin miƙa furojet ne, wata ɗaliba ta zo da gyaran da malaminta ya yi mata da jan biro. Ya ce a ɗauke wani sashe mai shafi 3 daga babi na biyu a mayar da shi babi na huɗu. Yaron shagona ya yanko sashen da Ctrl+X. Kafin ya kai inda zai liƙa, ta nuna masa sunan wani marubuci da aka rubuta ba daidai ba, ya kwafo daidai ɗin ya gyara, ya danna ajiya kamar yadda na saba koya masa. Nan take aka ɗauke wuta. Kwamfutar ta tebur ce, batirin da ke riƙe ta kuma ya daɗe da mutuwa. Da muka tayar da janareta muka buɗe fayil, shafukan nan babu su a babi na biyu, babu su a na huɗu. A kan filashinta ake aikin, ba ta da wani kwafi a ko'ina, kuma washegari za ta miƙa. Baiwar Allah ta zauna a benci ta dafe kai, sai "innalillahi" take maimaitawa, yaron kuma ya rasa inda zai sa kansa.

Na ja kujera na danna Ctrl tare da ɗan maɓallin nan da ke ƙarƙashin Esc, gefen lamba 1. Ƙaramin akwatin Ditto ya buɗe. Na tambaye ta kalma ɗaya daga kan sashen, na rubuta, sai ga shi ya fito, da teburinsa da komai. Na danna Enter ya zauna a babi na huɗu. Addu'ar da yarinyar nan ta yi mana har yau ina tuna ta.

Abin da ya cece mu shi ne, kwafi na yau da kullum abu ɗaya kawai yake riƙewa, kina kwafo sabo tsohon ya tafi, kina kashe kwamfuta shi ke nan. Ita kuwa Ditto duk abin da kika kwafa tana rubuta shi a wani fayil a cikin kwamfutar, shi ya sa ɗauke wuta ba ya shafarsa. Da kanta tana zuwa a saite a kan kwafi 500 na baya-bayan nan, kuma za ki iya ƙara adadin. Ki leƙa saitinta tun ranar farko, don akwai wurin da ake ƙayyade kwana nawa abu zai yi kafin ta share shi. Abin da ba ki so ya taɓa ɓacewa kuma za ki iya yi masa alamar kada a share.

Ke da kike rubutu da Hausa, ga inda za ki fi morar ta. Yawancin allon maɓallan da ke hannunmu ba su da ɓ da ɗ da ƙ, balle manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ. Na buɗe musu rukuni guda a cikin Ditto, na haɗa da alamar ₦, da Bismillah da salati da baƙaƙen Larabci saboda ɗaliban sashen addini, da cikakken sunan jami'a yadda ake rubuta shi a bangon furojet. Rukuni na biyu na sunayen marubuta ne da shekarun littattafansu, waɗanda ɗalibi zai ambata sau ashirin a cikin aiki ɗaya, kowane karo da sabon kuskure. Sau ɗaya ake rubutawa daidai, sauran sai ɗauko. Kina iya kwafo abubuwa goma a jere daga wata takarda ba tare da kin yi ta kai-kawo ba, sannan ki koma naki rubutun ki zaɓe su gaba ɗaya ki zuba. Idan kuma rubutun daga intanet kika ɗauko, mai zuwa da launinsa da girman baƙinsa ya hargitsa miki shafi, ki danna Shift da Enter maimakon Enter kawai, sai ya sauka tsurarsa ya bi tsarin takardarki. Wannan kaɗai ya rage mana ɓarnar takarda da tawada ba kaɗan ba.

Ta Windows ɗin ba laifi, tana nan tun sabuntawar Windows 10 ta watan Oktoba 2018, haka ma a Windows 11. Ki danna maɓallin Windows da V, ki kunna ta. Abu 25 take riƙewa, kowanne bai wuce 4MB ba, ba a bincike a cikinta sai dai ki yi ta gangarawa da ido, kuma da zarar kwamfuta ta mutu ta tashi ta goge komai sai abin da kika kafe. Ga mai laftof mai lafiyayyen batir da ke kwafo lambar waya da adireshi jefi-jefi, ta wadatar. Ga mai rubuta babi biyar a garin nan namu, ba ta kai ba.

Ta kuɗin kuwa na taɓa saya, kuma na yi nadama. Wani mai shago ne a Sabon Gari ya ɗora min wata ya karɓi ₦5,000, ya ce lasisinta na har abada ne. Wata guda bai cika ba ta fara neman a biya, kwamfutar ta yi nauyi, tallace-tallace na ta faɗowa a tsakiyar aiki. Ashe kwafin sata ne da aka fasa makullinsa. Na koma ya ce shi bai san zancen ba. Sai da na goge kwamfutar gaba ɗaya na sake ɗora komai, kwana biyu ba aiki.

Ba ki tambaya ba, amma dole in ja miki kunne a nan. Ditto kyauta ce, babu ko kwabo, don haka duk wanda ya ce ki biya kuɗin lasisinta cutarki zai yi. Idan ladan ɗorawa zai karɓa, ya faɗa a fili. Ki sauke ta da kanki daga Microsoft Store, ba ta cin data sosai, kuma kada ki yarda a zuba miki daga filashin da ya zagaye shaguna goma. Manhajar da aikinta shi ne ganin duk abin da kika kwafa ba abin karɓa daga hannun wanda ba ki sani ba ce. Akwai ƙwayoyin cutar kwamfuta da aka ƙera musamman don wannan: mutum ya kwafi adireshin asusun kirifto, yana liƙawa sun musanya shi da na ɓarawo, kuɗi su tafi ba dawowa. Shi ya sa ko lambar asusun banki ce, mai lambobi 10 ɗin nan, ki karanta farkonta da ƙarshenta bayan kin liƙa, ki kuma duba sunan da ya fito kafin ki tura.

Ita ma Ditto ta gaskiyar tana da nata hatsarin, kuma ba zan ɓoye miki ba. Ba ta bambance rubutun furojet da sirri. Kalmar sirrinki, lambar BVN, lambar NIN, saƙon da ba ki so a gani, in dai kin kwafa duk tana adanawa, kuma duk wanda ya zauna gaban kwamfutarki ya danna maɓallan nan biyu zai karanta. A shagona, duk wanda ya zo cike fom na makaranta ko na aiki, kafin ya tashi sai na buɗe ta a gabansa na goge bayanansa yana kallo, don amana ce. Ke ma idan za ki shiga banki ko imel, ki danna alamarta da ke can ƙasa kusa da agogo ki dakatar da ita, in kin gama ki mayar. Idan kuma a hostel kike, laftof na yawo daga hannu zuwa hannu, ki sa masa kalmar sirri tun yau.

Ditto a Windows kaɗai take aiki. Idan wata rana kika koma Mac ko Linux, ki nemi CopyQ, ita ma kyauta ce. Yanzu dai ki sauke Ditto a daren nan, ki fara zuba mata ɓ da ɗ da ƙ da sunayen marubutanki. In wani abu ya shige miki duhu ki yi magana, ko ki biyo da laftof ɗin Samaru bayan la'asar in nuna miki. Allah Ya ba da sa'ar furojet.