Cingam ɗin barin taba: yana aiki, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka

Abokan aikina a tasha sun dame ni da tambaya tun da suka ga na daina kunna sigari, shi ya sa zan faɗi abin da na gani game da cingam mai nikotin (sinadarin da ke sa jarabar taba) da ake sayarwa a manyan kyamis. Ni direban motar haya ne, Kano zuwa Kaduna, kuma tun ina yaron mota nake shan taba.

Iri biyu ne, mai miligiram 2 da mai 4. Ma'aikaciyar kyamis ɗin ta tambaye ni, "Malam, in ka farka, yaushe kake kunna ta farko?" Na ce mata ko rabin awa ba na kaiwa. Ta ce to mai 4 ne nawa.

Sirrin duk yana wajen tauna. Ba a yi masa cin goro. A hankali za ka tauna har ka ji wani yaji-yaji a harshe, sai ka maƙale shi tsakanin kumatu da dasashi. In yajin ya lafa ka sake taunawa kaɗan, ka mayar, har kusan rabin awa. Wanda ya yi gaggawa yana haɗiye yawu zai sha shaƙuwa da ƙwannafi. Ta kuma gargaɗe ni kada in sha kofi ko lemon kwalba minti 15 kafin in saka shi. Ɗanɗanon ba daɗi. Amma wallahi wannan ƙaiƙayin da ke taso min in na wuce Kwanar Dangora, har in riƙa lalube aljihu, yana kwantawa. Abin da bai cire min ba shi ne sabon hannu, musamman in na zauna wajen mai shayi wani ya kunna a gefena. Wannan sai haƙuri da addu'a.

Inda abin ke min ciwo shi ne kuɗi. Daga waje ake shigo da shi, kwali guda ne ko ka bari, kuma ana so mutum ya yi kusan mako 12 yana amfani da shi. Ita kuwa taba, mai tebur zai miƙo maka kara ɗaya da canjin aljihunka, duk da dokar taba ta 2015 ta hana sayar da ita kara-kara. Yaron motata ya so ya gwada, da ya ji farashi ya yi shiru.

Waccan dokar ce ta kafa asusun yaƙi da shan taba, amma sai a kasafin 2023 aka fara zuba masa kuɗi, naira miliyan 4.7. A 2024 aka ba shi miliyan 10, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka irin wannan magani cikin jerin muhimman magunguna. Ana karɓar haraji a kan kowane kwalin sigari. Me zai hana a ɗebi wani abu a ciki a ajiye cingam ɗin a asibitocin sha-ka-tafi, da rangwame, da ma'aikacin da zai koya wa mutum yadda ake taunawa?

Mai hali ya saya, ban yi asarar kuɗina ba. Mai ciwon zuciya da mace mai juna biyu dai su fara ganin likita, kuma a ɓoye shi daga yara, don da ganinsa za su zaci alewa ce.