Sharhi Kan Gyaran Allon Kwamfuta a Damagaram: Canjin Kondansa

Allon kwamfutar da nake buga wa mutane takardu da shi, mai inci 19, ya fara ba ni matsala a farkon bazara. Idan na kunna shi da safe sai ƙaramar fitilar da ke ƙasansa ta yi ta ƙyaftawa, fuskar kuma ta zauna baƙa ƙirin, ba ya nuna hoto sai ya ɗauki zafi, jiran kuwa kullum ƙaruwa yake har ya daina tashi gaba ɗaya. Na kai shi wurin wani mai gyaran talabijin da ke kusa da Kasuwar Dole, kuma na gamsu da aikinsa, ko da yake akwai wuraren da ya gaza.

Abin da ya fara burge ni shi ne a gabana ya buɗe allon, bai ce in tafi in dawo ba. Kafin ya taɓa komai sai da ya sauke wutar da ke maƙale a cikin babban kondansa (wani sashe ne da ke tara wutar lantarki) mai volt 450, domin shi wannan yana riƙe wuta ko bayan an zare waya daga bango, kuma yana iya jan wanda ya kai hannu da garaje. Daga nan ya nuna mini ƙananan kondansa da ke jere a faifan rarraba wuta. Kawunan biyu daga cikinsu sun kumbura kamar fanke, ɗaya ma ya tsage daidai tsagar da ke bisa kansa, wani abu mai launin tsatsa ya bushe a gefensa. Aikinsu shi ne daidaita wutar da ke shiga sauran sassa, kuma akwai ruwan sinadari a cikinsu wanda zafi ke busarwa sannu a hankali.

Wannan batu na zafi shi ne ya fi shafar mu mutanen Damagaram. Masana lantarki suna ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage kusan rabin rayuwar irin wannan kondansa. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafin gari kansa yana wuce digiri 40, ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ramukan iska na bayan allon. Saboda haka na ji daɗi ƙwarai da ya ce ba zai saka masu lambar digiri 85 ba, sai masu 105, wato waɗanda suka fi jure zafi, duk da sun fi tsada. Ya kuma ƙi ya tsaya a kan biyun da suka kumbura. Ya ce mini: "Malam, tare aka saka su, tare suka sha zafi, in na bar sauran gobe ma za ka dawo." Inda tsohon yake mikrofarad 1000 (ma'aunin yawan wutar da yake iya tarawa) a kan volt 16, ya saka mai 1000 a kan volt 25, domin ana iya ɗaga lambar volt amma ba a rage ta. Na lura da yadda yake duba farin layin da ke jikin kowanne kafin ya narka dalma, saboda kowace ƙafar kondansa tana da nata ramin, idan aka juya shi yana iya fashewa.

Kuɗin kaya da na aiki duka jaka 7 na biya, abin da bai kai ko kusa da kuɗin wani allon na hannu ba. Tun daga lokacin, da na danna maɓalli hoto ke fitowa.

Inda ban ji daɗi ba shi ne wajen ɓalle murfin. Da sukudireba ya yi amfani, ya karya wasu haƙoran roba da ke riƙe gefen, yanzu akwai ƴar ƙofa a kusurwar sama wadda ƙura za ta riƙa bi, kuma bai faɗa mini ba sai da na gani da kaina. Haka nan bai ba ni wata takarda ba, da baki kawai ya ce in dawo idan ya sake lalacewa. Ga mai sana'ar da ya iya aikinsa haka, rasit mai ɗauke da abin da aka canja da ranar da aka canja shi ba zai gagare shi ba.

Wanda zai kai nasa allon, ya nemi a nuna masa sababbin kondansan kafin a liƙa su, ya karanta lambar zafin da ke jikinsu, ya kuma duba ƙafafunsu. Sabo ƙafafunsa dogaye ne masu tsabta, wanda aka ciro daga matacciyar na'ura kuwa gajeru ne, da guntun tsohuwar dalma a jikinsu.