Asibitin haƙorin da na kai 'yata a Jos: hannun likitar ya yi, zaman jira ne bai yi ba

'Yata mai shekara 8 ta faɗi a bakin kwata a Unguwar Rogo tana dawowa daga Islamiyya, haƙorinta na gaba na sama ya ɓalle kusan rabi. Ba na madara ba ne, sabon da ya fito bara ne, wanda za ta zauna da shi har tsufa. Yayanta ya tsinto gutsuren, wata maƙwabciyarmu nas ta ce mu jefa shi cikin madara kada ya bushe.

Da ta ji an ce asibiti, sai ta ƙanƙame ƙofar ɗaki tana ihu. Laifina ne, wallahi. Sau nawa na ce mata in ba ta ci abinci ba zan kai ta a yi mata allura? Ranar na ga abin da na shuka.

Wani asibitin kuɗi muka je kusa da Terminus. Likitar ba ta fara da bakin yarinyar ba. Ta ja kujera ta zauna daidai tsayinta, ta ce, "'Yata, riƙe min madubin nan." Ta hura mata iskar na'urar a bayan hannu, ta bar ta ta danna maɓallin da ke ɗaga kujerar da kanta. Suka yi alkawari: in ta ɗaga hannun hagu, aiki ya tsaya. Sau uku ta ɗaga, sau ukun kuma likitar ta tsaya cak. A na ukun ne na ga yatsun ƙafarta da ta dunƙule cikin silifas sun saki.

An ɗauki hoton haƙorin, Allah ya sa karayar ba ta kai jijiya ba. Ta shafa mata maganin kashe zafi a dasashi kafin allurar, ba ta kuma yi mata ƙaryar cewa ba za ta ji komai ba. Gutsuren nan na cikin madara shi ta manna a gurbinsa. Ta ce mu dawo bayan sati 6 zuwa 8, sannan bayan shekara, domin haƙorin da ya bugu yakan mutu a hankali ya canza launi. Ta ƙara da cewa, "Hajiya, da gaba ɗaya ya fita, a kama shi ta kai, ban da saiwar, a zo cikin awa ɗaya. Haƙorin madara, wato na yarinta, kuwa ba a mayar da shi."

Inda na ji ciwo: mun yi kusan awa biyu muna jira, ƙarar injin huda haƙori na shigowa ta bango, yarinya na rawar jiki a cinyata. Yaron da ya zo da rauni bai kamata ya bi layin manya ba. Kuɗin ma sai da aka gama aka faɗa mana.

Duk da haka can za mu koma. Da sanyin Jos na asuba haƙorin yana ɗan yi mata zogi, mun rubuta wannan a takarda za mu nuna wa likitar ranar Talata.