Gargaɗi: Ana Sayar Da Tsofaffin Tukwanen Birkin Iska Da Sunan Sababbi

Direbobi, makanikai da masu manyan motoci, a yi hattara da wasu masu sayar da kayan gyara da ke tattara tukwanen birkin iska, wato camba, daga motocin da aka yi gwangwan da su. Sai su wanke, su goge, su fesa baƙin fenti, su manna sabuwar takarda, su sa a kwali, su ce sabuwa ce dal. Abin da ke ba su dama shi ne ɓarnar da ƙura da danshi ke yi wa tukunya a ciki take, inda idon mai saye ba ya kaiwa.

Tukunyar da aka fi yin wannan ha'inci da ita ita ce mai ɗaki biyu ta tayoyin baya, irin 30/30 ko 24/30. Lambar tana nufin faɗin robar ciki ne: 30 na nufin murabba'in inci 30. Ɗakin gaba na birkin ƙafa ne, iska ta shiga ta danna roba, roba ta tura sanda. Ɗakin baya kuwa yana ɗauke da ƙaton sifirin mai ƙarfin da ya kai kusan tan ɗaya. Iska ce ke riƙe shi a matse muddin mota na tafiya. Idan aka ja birkin ajiye mota, ko iska ta zube, sai ya saki ya kama tayoyi. Shi ne madogara ta ƙarshe ranar da tiyo ya fashe a kan gangara.

A bayan wannan ɗaki akwai rami da ake toshewa da murfin roba. Murfin nan ƙarami ne, yana faɗuwa, kuma mutane da yawa ba sa mayar da shi bayan gyara. Daga ranar da ya ɓace, duk abin da taya ta watso, ƙura, yashi, ruwan taɓo, ciki yake shiga. Taɓon ya toshe ƙananan ramukan da ruwa ke tsiyayewa ta ƙasa, danshi ya kwanta, tsatsa ta fara cin sifirin tana yi masa ƙananan ramuka. Ƙarfen da ake matsewa ana saki kullum, daga irin ramin nan yake fara tsagewa. In ya karye, ƙarfin riƙe mota ya tafi, tsinin kuma yakan huda roba. Yashin da ya shiga yana goge robar, yana kuma cinye silin tsakiya da ke raba ɗakunan biyu. Tukunyar da ta daɗe a haka ba abin dogaro ba ce ko da ba ta fara yoyo ba, kuma irinta ce ake yi wa fenti a sayar maka.

Kafin ka biya, ɗauke ta ka girgiza kusa da kunne. Sabuwa ba ta ƙara. In ka ji wani abu na kaɗawa, ko garin tsatsa ya zubo a tafin hannunka, ajiye. Sannan cire murfin baya ka haska tocila: ja-ja a jikin ƙarfe, busasshen taɓo, ko farantin ciki ya karkace bai daidaita da ramin ba, duk alamar sifirin ya ci tsatsa ko ya karye ne. Mai shagon da ya hana ka cire murfin, yana cewa za ka ɓata masa kaya, ya riga ya ba ka amsa.

Duba kusoshi biyu da ake ɗaura ta da su. A sabuwa zarensu fes yake. In ka ga gurbin noti, ko fenti ya hau kan zare, an taɓa ɗaura ta. Haka bakin da tiyo ke shiga: ragowar gam ko farin tef a cikin zare ba daga kamfani ya zo ba. Sandar turawa ma tana tona asiri, domin yawancin sababbin da ake sayarwa a kasuwa da doguwar sanda suke zuwa, makanike ne ke yanke ta daidai da motarsa. Wadda ka ga tabon zarto a bakinta, wani ya riga ka.

Mafi muni su ne waɗanda aka buɗe ɗakin sifirin aka sake rufewa. Tukwanen zamani naɗe bakin wannan ɗaki ake yi tun daga kamfani don kada kowa ya buɗe. In ka ga walda, tabon guduma, ko ɗamarar ƙarfen da ke riƙe bakin ɗakin an yanke ta an haɗa, kada ma ka tsaya a bayanta. Sifirin ɗin in ya kufce yana iya kashe mutum nan take, kuma saboda haka ne ba a yarda kowa ya buɗe wannan ɓangare don ya tabbatar da zarginsa ba.

Akwai kuma masu canja takarda, su liƙa wa tukunya mai gajeren zango alamar mai dogon zango. A lamba 30, iyakar fitar sanda da aka yarda da ita idan an taka birki, inci 2 ne ga ta gama-gari, inci 2.5 ga mai dogon zango, wadda galibi ake gane ta da baki mai kusurwa huɗu a mashigar iska. In aka haɗa iri biyu a aksul ɗaya, birki zai riƙa jan mota gefe.

Wanda ya riga ya ɗaura, ya gwada yau. Sa waigi a tayoyi, cika iska, kashe inji, saki birkin ajiye mota. In iska na ci gaba da fita ta bawul alhali ba ka taka komai ba, zargi silin tsakiya. Sannan a taka birki a riƙe, bayan allurar gejin iska ta tsaya a ƙirga minti ɗaya: kada geji ya sauka fiye da psi 3 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne) a mota guda, ko 4 in da tirela. A shafa ruwan sabulu a ɗamara da ramukan jiki a nemi kumfa, a auna fitar sanda da iska tsakanin psi 90 zuwa 100.

In ta faɗi gwaji, a ɗaure sifirin da bol ɗin da ke maƙale a gefenta kafin a kwance, a mayar wa mai shago tare da rasit, wanda ya kamata tun farko a sa ya rubuta lamba da nau'in tukunyar a kai. In bol ɗin ya ƙi shiga mazauninsa, kada a tilasta shi da guduma, mai yiwuwa sifirin ya riga ya karye. Bayan an ɗaura sahihiya a mayar da murfin baya, a tabbatar ramin tsiyayar ruwa na ƙasa a buɗe yake, a riƙa zubar da ruwan tankunan iska kullum.